Yadda muke gasa ƙwayar makamashin nukiliya mu ga ko za ta fashe

Salamu alaikum jama'a. Tun da na dawo Damagaram tambaya guda ake ta yi mini, a fada ne, a gidan suna ne, har mai kabu-kabun da ya ɗauko ni daga tasha sai da ya yi ta, wai me kake yi can ƙasar turawa, bam kuke haɗawa? To ba bam ba ne wallahi, kuma na gaji da bayani guntu-guntu ana zuba shayi ana katse ni, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai haƙurin karatu bismillah.

Fizik na karanta, bayan masta sai Allah ya sa na samu burs na tahi sitaj a wata cibiya a Turai da ke da riyakta ta gwaji, riyakta ita ce wurin da ake tsaga uraniyom a ciki. Sunanta dai bari in bar shi. Irin wannan riyakta ba ta ba gari kuran, aikinta kawai ta yi ta fidda niyutiron masu yawa, wato ƴan mitsitsin ƙwayoyin da ke fita in uraniyom ya tsage, a saka abu a ciki a ga yadda zai kasance. Ba su da yawa a duniya, akwai ta Petten a Holand mai megawat 45 da ke aiki tun 1961, akwai BR2 a Mol ta Beljiyom, akwai ATR a Idaho ta Amurka, a Afirka ta Kudu kuma akwai SAFARI-1 a Pelindaba. Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Zariya da aka tada a 2004, amma ita wajen kilowat 30 ce, ta koyar da ɗalibai da binciken samfuri ce, wannan aikin ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Kafin ka ga ko ƙofar riyakta sai ka sha kos na kariya daga radiyasiyo, likita ya duba ka, ka yi jarabawa, sannan a ba ka dozimeta, ƴar na'urar da ke ƙirga radiyasiyon da jikinka ya sha, ka maƙala a ƙirji. Ma'aikaci ba a yarda ya wuce milisibat 20 na radiyasiyo a shekara ba, mu kam ƴan sitaj abin da muke samu bai taka kara ya karya ba, amma duk da haka kullum za ka fita sai ka tsaya cikin wata na'ura ta duba hannu da ƙafa da tufafi. Wannan ɓangaren ba wani abin labari a ciki, takardu ne da sa hannu.

Abin da ya kai ni shi ne makamashin riyaktoci masu zafi sosai. Yawancin tashoshin nukiliya na duniya ruwa ke sanyaya su kuma ruwan na fita da zafi wajen digiri 300 da ɗan wani abu. Waɗannan kuwa iskar heliyom ke sanyaya su, cikinsu girafit ne, wato kabon irin na bakin fensir, iskar tana fita da digiri 750 har zuwa 950. Jamusawa sun yi tasu AVR a Jülich daga 1967 zuwa 1988, Japanawa na da HTTR a Oarai wadda ta kai 950 a 2004, Sinawa kuma sun tada HTR-PM a Shidao Bay ta fara aikin kasuwanci a Disamban 2023. Amfanin zafin shi ne ban da kuran kana iya ba masana'anta zafi kai tsaye, matatar mai misali, ko wurin yin taki ko haidirojin. Kuma tunda ba ruwa ne ke cikin zuciyarta ba, mutumin da ya tashi a garin da ake layin jarka ba zai rasa sha'awar abin ba, ko da yake injin da ke juya tururi ya zama kuran shi ma yana son nasa sanyin, kar wani ya ce na ce ba a buƙatar ruwa kwata-kwata.

Duk tsaron irin wannan riyakta a kan ƙwaya ɗaya ya rataya, ana ce mata TRISO. Ba ta kai ƙwayar gero ba, milimita ɗaya ma da ƙyar. A tsakiya ɗan dunƙulen uraniyom ne mai faɗin rabin milimita ko ƙasa da haka, sai a lulluɓe shi da kabon mai laushi mai ramuka wanda ke karɓar iskar da ke fitowa in uraniyom ya tsage, sai kabon mai tauri, sai silikon kabaid wanda kaurinsa wajen maikiron 35 ne (maikiron dubu ke yin milimita ɗaya) kuma shi ne ainihin katangar, sai wani kabon mai taurin a waje. Ana zuba dubbansu cikin garin girafit a matse, ko dai a yi ƙwallo mai faɗin santimita 6 yadda Jamus ta yi a da kuma Sin ke yi yanzu, ko a yi ɗan guntun sanda yadda Amurka ke yi. Ƙwallon Sinawa guda na ɗauke da uraniyom giram 7 a cikin ƙwaya wajen 12,000, riyakta ɗaya kuma na cin ƙwallo wajen 420,000. To ku lissafa da kanku ƙwaya nawa ke nan, kuma kowace ana so ta riƙe dattin radiyasiyon da ke taruwa a cikinta ita kaɗai shekara da shekaru. Ba wanda zai yarda da wannan da fatar baki, sai an gwada.

Gwajin tun kafin a kusanci riyakta yake farawa. Samfurin da aka kawo mana sai da aka auna nauyinsa, tsawonsa, faɗinsa, aka ɗauke shi hoton eksire, aka rubuta komai, don in ya fito bayan shekaru da wannan za a kwatanta. Wasu daga cikin ƴan uwansa kuma aka sadaukar da su, aka ƙone aka jiƙa a asid don a san tun daga masana'anta ƙwaya nawa suka zo da lahani. In ba ka san wannan ba, gobe in ka ga datti ya fita ba za ka iya cewa riyakta ce ta fasa ko dama a fashe ta zo ba.

Sai haɗa kafsul, nan ne na fi daɗewa kuma nan na fi jin daɗi. Kafsul bututun ƙarfe ne, a ciki akwai mazaunin girafit da aka fafe daidai samfurin, tsakanin girafit ɗin da bangon ƙarfen kuma an bar ɗan tsaga siriri ƙwarai. Abin mamakin shi ne riyaktar gwajin kanta ba zafi gare ta ba, ruwan da ke zagaye da kafsul ɗin bai ko kai tafasa ba, amma ana so cikin ya zauna digiri 1000 ko 1200. Ba hita ake sawa ba, makamashin da kansa ke yin zafin in niyutiron sun fara dukansa, aikinka kawai ka hana zafin gudu daidai gwargwado. Da me? Da iskar da ke bi ta wannan tsagar. Heliyom na kwashe zafi da sauri, niyon kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na heliyom kawai yake kwashewa, to in kana so ciki ya ƙara zafi sai ka ƙara niyon, in kana so ya sauka sai ka ƙara heliyom. Da uraniyom ɗin ya fara ƙarewa zafinsa na raguwa sai a yi ta ƙara niyon a hankali. Ranar da shef ɗina ta zana mini wannan a allo na daɗe ina kallo, gaskiya dabarar ta burge ni, ba wani inji mai motsi a ciki, bawul biyu ne a waje da kwamfuta.

A jikin girafit ɗin ana huda ramuka a zura wayoyin auna zafi, sannan a saka wasu ƴan guntayen waya na kobal da ƙarfe da makamantansu waɗanda in an fito da su za a ƙirga radiyasiyon da suka ɗauka a san niyutiron nawa suka ratsa wurin. Akwai kuma wayoyin da aka san zafin da kowace ke narkewa, in an buɗe aka tarar wannan ta narke waccan ba ta narke ba an san iyakar inda zafi ya kai. Kar ku raina wannan dabarar, a AVR da irinta aka gano a shekarun 1980 cewa wasu wurare a cikin riyaktar sun fi abin da lissafi ya nuna zafi da sama da digiri 200, kuma ita AVR ɗin cikinta ya gurɓata sosai da siziyom da sitironshiyom. Masu tallar wannan fasaha ba su cika son a tado zancen ba, amma a labo ana faɗinsa ƙarara, don shi ne dalilin da ya sa ba a wasa da auna zafi.

Walda kam ba a bar ni na taɓa ba, akwai wani dattijo da aikinsa ke nan tun kafin a haife ni, ya gama a gwada da heliyom a ga ko akwai inda ke yoyo, a ɗauki hoto, a sake dubawa. Sannan dosiye ya tahi gaban kwamitin tsaro, su kuma su yi ta tambaya: in iska ta tsaya fa, in bututu ya toshe fa, in riyakta ta ƙara ƙarfi ba zato fa, zafi zai kai nawa cikin daƙiƙa nawa. Su dawo da shi a gyara a mayar. Watanni aka yi a haka, ni da na zo da zumuɗin ganin wuta har na fara ƙosawa, shef ta ce mini in kana gaggawa ka canza sana'a tun yanzu.

Ranar da aka saka shi muna tsaye a saman tafkin, riyaktar na can ƙasa ƙarƙashin ruwa mai zurfin mitoci, ruwan garau kana ganin komai, ƙugiya ta sauke kafsul ɗin a raminsa. In tana aiki akwai wani shuɗin haske da ke fitowa daga ƙasan, hasken Cherenkov, kowa ya gani sai ya yi shiru. Daga ranar kuma ba ka sake ganin samfurinka da ido, sai lambobi a kan allo.

Yanzu ga inda aikin yake. Iskar nan da ke bi ta cikin kafsul ba zafi kaɗai take daidaitawa ba, in ta fito ana bi da ita ta gaban na'urar jamaniyom da ake sanyayawa da naitirojin mai ruwa, ita kuma tana sansano kiripton da zenon, iskokin da ake haifa in uraniyom ya tsage. Wanda muka fi sa wa ido kiripton-85m ne, rabinsa na mutuwa cikin awa 4 da rabi, don haka abin da ka gani na yau ne, ba tsohon labari ba. Masu lissafi sun san nawa ake haifa a cikin ƙwayoyin kowace daƙiƙa, mu kuma muna auna nawa ya fito, sai a raba. Makamashi mai kyau, cikin miliyan 10 da aka haifa wajen guda ne ke fita ko ma ƙasa da haka, shi ma yawanci daga ɗan burbushin uraniyom ne da ya maƙale a wajen rufin tun wurin ƙira. In ƙwaya ɗaya tak ta fashe cikin dubban da ke kafsul ɗin za ka gani.

Aikina shi ne in bi waɗannan lambobin, in zana su, in kai wa shef kowace safiya. Wani dare bayan an sake tada riyakta daga hutu na ga layin ya ɗaga, gabana ya faɗi, na kira ta a waya. Ta ce in duba na'urar da ke ƙirga radiyasiyon gama gaba ɗaya, akwai tsini mai kaifi da ya tashi lokaci guda? Na ce babu, a hankali ya hau. Ta ce to zafi ne ke hawa, iska na fita da yawa in wuri ya yi zafi, ƙwaya in ta fashe iskar da ta tara ciki gaba ɗaya take tuɗowa, za ka ga tsini, bayan nan kuma layin ya zauna a wani sabon mataki ba ya komawa inda yake. Haka kuwa aka yi, da zafin ya daidaita layin ya kwanta inda aka saba ganinsa.

Abin da ke ba kowa ciwon kai wayoyin auna zafi ne. A irin wannan zafin ga niyutiron na dukansu dare da rana, sai su fara ƙarya a hankali, yau ta rage digiri kaɗan gobe ta ƙara ragewa, wata kuma rana ɗaya ta mutu ɗungurungum, kuma ba damar ka zura hannu ka canza. Shi ya sa ake saka su da yawa, wasu a wuri mai ɗan sanyi inda za su daɗe, sai a riƙa gwama abin da suka ce da lissafin kwamfuta. A mitin na mako-mako rabin lokacin a kan wannan ake ƙarewa, wace waya za a yarda da ita wace za a yar. Ni a ganina wanda duk ya ce maka ya san zafin cikin ƙwaya daidai da digiri ɗaya bai taɓa zama irin wannan mitin ɗin ba, ana ba da lamba ne tare da faɗin iya kuskuren da ke cikinta.

Riyaktar tana aiki ƴan makonni ta tsaya a canza mata nata makamashin, a sake tadawa, haka ake ta zagayawa har shekara biyu ko uku. Ana iya hanzarta abin, don niyutiron na riyaktar gwaji sun fi na tashar gaske yawa, amma in ka matsa da yawa ka fita daga abin da kake son kwaikwaya, wasu lahanin lokaci suke so kafin su bayyana. Gwajin farko na Amurkawa a Idaho, AGR-1, daga ƙarshen 2006 zuwa ƙarshen 2009 aka yi shi, ƙwaya wajen 300,000, a wasu wuraren har kusan kashi 20 cikin 100 na uraniyom ɗin ya ƙone, ba ko ɗaya da ta fashe. Sinawa ma ƙwallayensu sai da suka kai Petten aka gasa daga 2012 zuwa 2014. To kun ga ɗan sitaj ba ya ganin farko da ƙarshen abu guda. Kafsul ɗin da na taya haɗawa na baro shi a ciki, wanda na taya buɗewa kuwa wasu ne suka saka shi tun ina lisans, sunayensu kawai na gani a takarda.

In an fito da shi ba a taɓa shi nan take, sai ya yi watanni a cikin ruwa ya huce, sannan a sa shi a tukunyar dalma mai nauyin tan-tan a kai shi rufaffen ɗaki. Ɗakin nan bangonsa kankare ne mai kaurin mita ko fiye, tagarsa gilashi ne mai dalma, kalarsa rawaya-rawaya, kai kana waje kana riƙe da hannuwan ƙarfe, duk yadda ka motsa naka na ciki ya motsa. A ido abin wasa ne. Da aka ba ni in gwada da dunƙulen banza wanda ba komai a cikinsa, ɗaukarsa daga faranti zuwa faranti sai da na yi gumi, gilashin na rikita maka nisa, kafaɗa kuma ta yi ta ciwo. Masu aikin kuwa da waɗannan hannuwan suke kwance ƙusa, su yanka bututu, su ɗauki abin da ido ke gani da ƙyar. Injiniyoyi da daktoci duk lallaɓa su suke yi, don in mai hannun ƙarfe ya ce yau ba za ta yiwu ba to ba za ta yiwu ba.

Da farko ana auna samfurin a ga ya motse ko ya kumbura, a bi shi da na'urar gama daga sama har ƙasa. Siziyom-137 da rabinsa ke ɗaukar shekara 30 kafin ya mutu shi ke gaya maka uraniyom nawa ya ƙone. Har girafit ɗin da ya zauna ciki da bangon kafsul ɗin ana dubawa, don duk abin da ya tsere daga ƙwaya can zai je ya laƙe. Kuma kusan kullum akwai mai tserewa guda, azurfa. Azurfa-110m tana ratsa silikon kabaid lafiyayye wanda bai tsage ba in zafi ya haura digiri 1000 da wani abu, kuma har yau masana na gardama a kan ta wace hanya take bi. Ba ta da yawan da za ta zama barazana ga gari, amma takan je ta zauna a sassan da suka fi sanyi a cikin tasha, masu gyara su ne za su sha radiyasiyonta.

Sai gwajin hatsari. Ana ɗaukar samfurin da ya riga ya sha shekarunsa a riyakta a sa shi a tanderu cikin heliyom, a kai shi digiri 1600 a bar shi a nan ɗaruruwan awoyi, Amurkawa awa 300 suke yi. Dalilin 1600 shi ne ana tsara waɗannan riyaktoci yadda ko iskar sanyaya ta tsaya cak ba wanda ya taɓa komai, zafin ba zai wuce nan ba, zai fita ta jikin girafit da bango da kansa. Sinawa sun gwada haka da gangan a HTR-PM a 2023, suka kashe abin sanyayawa suka zuba ido. A saman tanderun akwai ɗan faranti da ruwa ke sanyayawa, siziyom da azurfa da duk abin da ya tashi a kansa yake daskarewa, lokaci-lokaci a zare shi a sa sabo a kai wancan a ƙirga. Iskar kuma ta bi ta cikin gawayi mai sanyin naitirojin ya kama kiripton-85. Wasu samfuran ana tura su 1700 har 1800 don a ga inda katangar za ta fara sakin siziyom. A wannan makon kwana kam sai dai a yi rabo, ga faranti na jiran canji ƙarfe uku na dare, ga sallar asuba a lokacin bazararsu tana zuwa tun kafin ka runtsa.

Bayan nan a wargaza shi. Ana sa samfurin a asid a bi shi da lantarki, girafit ɗin da ya riƙe ƙwayoyin ya saki, su zubo. A dafa su a asid a auna uraniyom ɗin da ya narke, a ƙone kabon na waje a iska a digiri 750, a sake dafawa a sake aunawa. Na farko na nuna ƙwayoyin da suka buɗe gaba ɗaya, na biyu na nuna waɗanda silikon kabaid ɗinsu ya lalace amma kabon ya rufa musu asiri. Ka raba abin da ka samu da uraniyom ɗin ƙwaya ɗaya, ka san ƙwaya nawa ne. Sannan akwai na'ura da ke ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga siziyom ɗin kowace, wadda nata ya yi ƙasa a ware ta. Ita za a zuba a roba ta daskare, a goge a hankali har a kai tsakiyarta, a sa a mikiroskop.

Wannan hoton shi ne abin da na fi tunawa a duk zamana. Zobe cikin zobe, dunƙulen tsakiya ya kumbura ya yi ƙuraje na iska, kabon mai laushin ya motse ya janye daga bango, wani wurin ya tsage. In tsagar ta ja kabon mai tauri na ciki ta buɗe shi, sai faladiyom da ke fitowa daga uraniyom ya samu hanya ya taru a jikin silikon kabaid ya fara cin sa. A makamashin da dunƙulensa uraniyom oksaid ne zalla kuma iskar kabon monoksaid na taruwa ta matsa bango, in zafin gefe guda ya fi na ɗayan har dunƙulen kan yi ƙaura daga tsakiya. Don gudun haka Amurkawa suke gauraya oksaid da kabaid ya kama iskar oksijin ɗin, Jamusawa da Sinawa kuwa da oksaid suka tsaya suna kiyaye iyakar ƙonewa.

Girafit ma ana gwada shi, a wani kafsul daban, ƴan guntaye da yawa wasu da nauyi a kansu. Niyutiron na tunkuɗe ƙwayoyin kabon daga mazauninsu, sai ya fara motsewa, ya kai wani wuri ya juya ya fara kumbura, kuma yadda yake wuce da zafi ya ragu. Mai gina riyakta dole ya san yaushe juyawar za ta zo, don tubalan cikin ba a son su kai inda za su fara tsagewa. Ƙarfe kuwa ban yi aiki a kansa ba sosai, na dai ga ana ja ana lanƙwasa samfuran Alloy 800H da Alloy 617 a ɗakin da ke kusa da namu.

Shekaranjiya na je gaida kawuna a Birni, shi ya yi aiki shekaru a ma'adinin uraniyom na Arlit kafin ya yi ritaya, na ba shi wannan labarin a taƙaice. Ya saurara har na gama sannan ya ce, ɗana, to wannan uraniyom ɗin da kuke gasawa namu ne? Na ce Kawu ba mai iya ce maka e ko a'a, don kafin ya zama ƙwaya ya bi hannu da yawa an gauraya shi da na wasu ƙasashe. Garin rawayan da kuka riƙa cikawa a duro, wanda aka kai Faransa Malvési yake fara zuwa a tace, ya wuce Tricastin a mai da shi iska a inganta. Yadda yake fitowa daga ƙasa kashi 0.7 cikin 100 ne kawai ke da amfanin tsagewa, tashoshin ruwa na so a kai shi 3 zuwa 5, HTR-PM 8.5 take ci, sababbin na Amurka kuma har kusa da 20 suke nema. Ya ce ikon Allah, mu dai iyakarmu duro. Ya tambaye ni ko dozimetan da aka ba ni irin wanda suke maƙalawa ne a ma'adini, na ce kusan haka, sai dai su ƙura da iskar radon ce babbar damuwarsu, mu kuma gama da niyutiron. Ya ce in na sake zuwa in kawo masa hoton ƙwayar da aka yanka ya gani da idonsa, na ce sai na rubuta wa shef na nemi izini tukuna, don hotunan ba a fidda su sai an buga rapor.